Inda Yake Yoyo

Ƙarfe biyun dare a Leicester,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi,
ni da kwamfuta da shayin da ya huce tun isha.
Wata huɗu ke nan ina haƙa harsashi,
ban aza tubali ɗaya da ido zai gani ba.

Abin da na nufa ƙarami ne:
manhajar da za ta jera wa masu aski layi,
su riƙa ba ni fam goma sha biyu duk wata.
Amma kafin a kai ga almakashi
sai an gina ƙofa, an ƙera mabuɗi,
an share hanya ga wanda ya manta kalmar sirri,
da wanda katinsa ya ƙi,
da mai fita tsakiyar wata yana neman canjinsa,
da haraji, wanda ba ya mantuwa.

Priyesh ya turo saƙo:
"Ga wani na sayar da duk wannan a haɗe.
Fam ɗari uku. Saya mu huta."
Na ce kayan aro ba ya rufe katara.
Ya ce, "Ba aro ba ne, saye ne,
kuma ajiyarmu ba za ta ga Maris ba."

Ni ɗan magini ne.
A Malumfashi na taka ƙasa har gwiwa,
Baba Sallau na watsa ramno yana cewa
wanda bai ga ramin gidansa ba, barcinsa rabi ne.
Da wannan na tsallako teku,
ya fi jakata nauyi.

Da safe Warsame na gyara mini ƙeya,
littafinsa mai maiƙo a gefen madubi,
sunaye kan sunaye, an soke, an sake.
"Ina abin nan naka?"
Na ce na kusa gama wurin karɓar kuɗi.
Ya ɗaga reza, ya dube ni ta madubi.
"Kuɗin me?"

Ran nan na saya.

Kwana tara, ga shaguna uku a ciki.
Na ji daɗi, na ji kunya,
kamar wanda aka yabi tuwonsa alhali sayowa ya yi.

Sai ga daren wata Laraba,
an cire wa Warsame kuɗi sau biyu.
Na shiga gidan da na saya ba fitila,
ɗaki cikin ɗaki, ban san mai su ba,
ina lalube, ina neman tsagar da ƙadangare ya bi.
Can ƙasa, layi na dubu da wani abu,
na tarar da rubutun mutum:
a yi haƙuri, zan gyara daga baya.
Ba suna, ba kwanan wata.
Na yi dariya ni kaɗai,
ashe shi ma da shayinsa mai sanyi.

Asuba na kira gida.
"Baba, ƙyauren gidanmu kai ka yi?"
"Ni? Na Tanimu maƙeri ne.
Kwanon rufi daga Funtuwa na ɗauko, bashi ma.
Ni bango na sani."
Ya yi tari, na ji zakara a bayansa.
"Amma kowace damina ni ke hawa in duba,
don ranar da ya zuba
ba kan Tanimu zai zuba ba."

Na mayar wa Warsame fam goma sha biyunsa.
Yanzu kowane dare ina karanta ɗaki ɗaya,
in bar alama inda na taka.
Rubutun mutumin nan ban goge shi ba,
a ƙarƙashinsa kawai na ƙara: na gyara.

Ruwa bai tsaya ba tukuna.
Saura ɗaki arba'in da ɗaya.